Da Buhu da Gwangwani Allah Ya Rufa Min Asiri: Shaidar Mai Aikin Hannu a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mazauniyar Jos ce, kuma abin da nake ci da shi, nake yi wa yara sutura, nake biyan kuɗin makaranta, shi ne abin da wasu gidaje ke sharewa su zubar: buhun shinkafa, ƙyallen tela, gwangwanin madara, murfin kwalbar lemo, kwali da ledar fiya wata. Na daɗe a kan wannan sana'a, kuma Alhamdu lillahi ba ta taɓa barina na miƙa hannu ba. Rayuwata duk a cikin aikin take, don haka shaidar da zan bayar ita ce yadda ake yin sa, da inda yake lalacewa, da dalilin lalacewar.

Abu guda nake so kowace mai sha'awa ta riƙe tun daga farko. Wanda kika ba kyauta bai kamata ya ga bola a jikin abin ba, bai kamata ya ji warinta ba, bai kamata ta yanke shi ko ta ɓata masa kaya ba. Ƙirƙira abu ne mai sauƙi, yaro ma yana haɗa motar gwangwani. Abin da ke raba kayan kyauta da tarkace shi ne wanki a farko da ƙarasawa a ƙarshe, kuma nan ne mafi yawan masu koyo suke gajiya. Iyayenmu da suka yi aci-balbal da gwangwani, suka yi takalmi da tsohuwar taya, sun san haka. Ba baƙon abu muka kawo ba.

Samun kaya sai da sanin gari. Tsofaffin riguna masu talewa, irin na 'yan ƙwallo da singileti, a Kasuwar Katako ake samunsu wajen 'yan gwanjo, waɗanda suka yi tabo ko suka huje har ba mai saye. Ƙyallen atamfa wajen teloli yake, kuma lokacinsa makonnin da ke gaban Sallah da Kirsimeti, sa'ad da shago ke cika da guntaye tela yana neman wanda zai kwashe masa. Ki kai masa buhunki ki ajiye, ki roƙe shi kada a share ƙasa a ciki. Kwali kuwa a gefen Terminus yake da yawa, domin tun da babbar kasuwar ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye, irin su Ahmadu Bello Way, kuma da yamma suke fitar da kwalayen da suka zazzage. Ki je da wuri, don 'yan bola ma kilo suke sayarwa, ba za su bar miki ba. Robar lemo mai lafiya ba na yanka ta. Masu kunu da zoɓo suna saye, kuɗinta a hannu ya fi furen da za a yanka da ita. Sai wadda ta lotse ko ta fashe nake ɗauka.

Akwai abin da ba ya shiga gidana ko kyauta aka ba ni: buhun taki, buhun siminti, gwangwanin fenti, da robar maganin ƙwari ko na ciyawa. A Filato noma ya yi yawa, robobin feshi suna ko'ina, wasu ma kyawawa ne masu kauri. Wanki ba ya fitar da gubar da ta shiga jikin roba. Ki bar su.

Wankin kansa kala biyu ne. Na farko da omo da ruwa, a cuɗa a ɗauraye. Na biyu a jiƙa a bokitin ruwa da aka zuba murfi ɗaya na Hypo, a bar shi kamar minti 15, a sake ɗaurayewa. Wannan na leda ne da buhu da roba. Ƙyalle mai launi ba a sa masa Hypo, zai ci launin, ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi, amma a ware ja da baƙi da shuɗi a wanke su daban, don a ga wanda ke zuba tun kafin ya shiga aiki. Ƙarfe kuma ba a jiƙa shi. A wanke, a goge nan take, a kife a rana, in ba haka ba tsatsa ta kama bakin ɗinkinsa kafin gari ya waye.

Abin da ya fi fita a wurina shi ne abin goge ƙafa na bakin ƙofa, domin jar laka ta damina a garin nan ba ta barin ɗakin kowa. Ana yin sa a kan buhun shinkafa mai kilo 50. Ki farke buhun, ki yanka santimita 66 a tsawo da 46 a faɗi, domin in kin naɗe santimita 3 a kowane gefe ya dawo 60 da 40. Kafin komai ki bi bakin yankan da harshen kyandir da sauri, ya ɗan narke ya kama kansa, domin zaren buhu yana da santsi, da zarar an fara ja sai ya warware har tsakiya. Sannan ki naɗe ki ɗinke. Wadda ta tsallake wannan za ta kai rabin aiki ta ga gefe yana zubewa, kuma ba ya gyaruwa.

Ki zana adon da kike so a jikin buhun da maka, ko layi-layi, ko murabba'i a cikin murabba'i. Kada ki zaɓi ado mai ƙananan lanƙwasa, gashin ƙyallen zai rufe shi ba za a gane ba. Rigunan kuma ki cire wuya da hannu da duk wajen ɗinki, ki yanka su a kwance, wato daga gefe zuwa gefe, faɗin santimita 2 da rabi, tsawon 12. In aka yanka a haka, da an ɗan ja sai ƙyallen ya naɗe kansa ya ɓoye bakinsa, ba ya fitar da zare. Atamfa ba ta yin haka, tana zubar da zare a duk wanki, shi ya sa ba na sa ta a wannan aikin. Ƙyalle kusan 1,000 ne ke cika girman da na faɗa, wato rigunan manya 5 zuwa 6. Ki yanka duka ki ware launi-launi a leda kafin ki zauna, don tashi neman ƙyalle a tsakiyar layi shi ke sa a sauya tazara ba a sani ba.

Da basilla mai babban kunne ko kwarashi mai kauri ake cusawa. Ki shiga ƙarƙashin zaren buhu 3, ki fito, ki ja ƙyallen har kawunansa biyu su yi daidai, ki ƙulla sau ɗaya. A buhun algarara ana iya barinsa ba ƙulli, amma a na leda dole ne, santsinsa zai saki ƙyallen ranar wankin farko. Tsakanin ƙulli da ƙulli santimita 1 da rabi, haka ma tsakanin layi da layi. In tazarar ta fi haka za a riƙa hango farin buhu ta ƙasa, in ta gaza haka buhun zai tattare ya ƙi kwanciya. Ƙullin ma kada a ɗaure shi da ƙarfi, ya dai zauna. In kin ga kusurwa tana ɗagowa sama, hannunki ne ya yi tsauri, ki kwance layi biyu na ƙarshe ki sassauta. Ki fara daga gefe ki zagayo ciki, kuma ki sa launi mai duhu a gefen, nan ƙafa ke fara sauka. In an gama a bi da almakashi a daidaita tsayin, a kakkaɓe, a ɗinka wani ɓarin buhun a baya ya rufe ƙulle-ƙullen. Gidan da ke da tayil, ki yanko tsohon tiyub na keke ki ɗinka a kusurwoyi huɗu ta ƙasa. Ban yarda a kai wa tsohuwa ko mai ciki abin goge ƙafa ba tare da wannan ba, domin buhu a kan tayil zamewa yake yi.

Ragowar buhun ba a zubarwa, musamman masu launi. A zare shi ɗaya-ɗaya a yi faifai. Cikinsa busasshiyar ciyawa ce ko tsintsiyar laushi, dami mai kaurin fensir. A naɗe shi da zaren buhu sau 5 ko 6, sai a soka basilla a zagayen da ya gabata sau ɗaya, a ci gaba. Ƙarin ciyawa ana yin sa kaɗan-kaɗan, sili biyu yanzu, biyu an jima, in aka ƙara gaba ɗaya wajen sai ya yi ƙulu. Kowane sabon zagaye ya kwanta a gefen na baya. Da ya fara hawa kansa faifan zai koma kwando. Ki gaya wa mai saye cewa na rufe kwano ne da ado, ba a ɗora masa tukunya daga kan wuta, narkewa zai yi.

Abin ɗora tukunya mai zafi da murfin kwalbar lemo na ƙarfe ake yinsa, kuma shi ne kyautar amarya da na fi so, don ƙarami ne, yana da kyau, kuma kullum sai an yi amfani da shi. Faɗin murfin kamar santimita 3 ne, don haka ki yanka ma'auni da kwali mai faɗin santimita 7, ki riƙa ɗorawa a kan ƙyallen atamfa kina zagayewa. Atamfar ta zama ta auduga. Leshi da yadi mai roba suna ƙanƙancewa su manne a gindin tukunya. Ki zaɓi murafen da ba su lanƙwashe wajen buɗewa ba, ki ɗan bubbuga haƙoransu ciki da guduma don kada su ci ƙyallen, ki shafa musu fentin mai, shafi siriri, ki bar su su bushe sarai. Wannan fentin shi ne maganin jan tabon tsatsa da ke fitowa bayan wanki. Sai ki bi gefen ƙyallen da ɗinkin tsalle, rabin santimita daga baki, ki sa murfin a tsakiya fuskarsa a ƙasa, ki ja zaren ya tsuke, ki ƙulle. Jerin shi ne ɗaya a tsakiya, 6 su kewaye shi, 12 su kewaye waɗannan, jimla 19, faɗinsa ya kai santimita 15 ko 16, daidai ƙaramar tukunya ko butar shayi. In an ƙara wani zagaye mai murafe 18 ya zama 37, na babbar tukunya. Kowane murfi a ɗinke shi da duk maƙwabcinsa ta baya, da zare ninki biyu. In an haɗa ta waje ɗaya kawai, in an ɗaga sai ya riƙa lilo.

Gwangwani aikinsa ba wuya, amma gam ne ke ba mutane kunya. Da farko ki cire takardarsa, ragowar danƙon kuma kananzir ko man gyaɗa ke fitar da shi, sannan a sake wankewa da sabulu, don gam ba ya kama waje mai maiƙo. Bakin da aka buɗe da wuƙa a kwantar da shi da guduma, a bi da yatsa a hankali a tabbatar ba kaifi. Awon ƙyallen da za a rufe jikinsa da shi shi ne kewayen gwangwanin da ƙarin santimita 2, tsayinsa da ƙarin 3, don a lanƙwasa ciki da ƙasa. Gam ɗin Evo-Stik yana riƙe ƙarfe sosai, amma yana huda atamfa ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Dabarar ita ce a fara naɗe gwangwanin da farar takarda da Evo-Stik, a shafa a ɓangarorin biyu, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. A kan takardar sai a shafa farin gam na Top Bond siriri a ɗora atamfa. Farar takardar tana kuma hana rubutun gwangwanin nunawa ta cikin ƙyalle mai haske. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da bindigarsa, a sanyin Disamba da Janairu na Jos yana daskarewa da ya taɓa ƙarfe kafin ya kama, bayan kwana biyu adon ya ɓalle. In dole sai da shi, ki fara ajiye gwangwanin a rana ya yi ɗumi.

Babban gwangwanin Milo ko na madarar gari yana zama asusun yara: a ɗora murfin a kan katako, a tsaga santimita 4 da kurfi, a kwantar da bakin tsagar. Na madarar ruwa yana zama mazubin biro ko tsinken sakace. Wanda za a dasa fure a ciki a huda gindinsa wuri 4 ko 5 da ƙusa, a zuba tsakuwa kafin ƙasa, kuma a yi masa fenti ciki da waje maimakon ƙyalle. In ana so a yi huda ta ado a jikinsa don a sa kyandir, a cika shi da jiƙaƙƙen yashi a danne sosai kafin a fara bugu, in ba haka ba ƙusar farko za ta lotsa shi.

Kwali shi ne ya fi jin yanayin garinmu. Da shi nake yin akwatin kayan kwalliya da na ajiye ɗan kunne da sarƙa. In kin duba bakin kwali za ki ga ramuka a jere. A bangon akwati ramukan su tsaya a tsaye, nan ƙarfinsa yake. Gindi da murfi kuma a haɗa biyu, ɗaya ramukansa a tsaye ɗaya a kwance. Wajen lanƙwasa a bi da bayan wuƙa a kan rula, a danna kawai, kada a yanke. Babban abin da ke ɓata shi shi ne a shafa gam a fuska ɗaya a bar ɗayar: wadda ta jiƙe in ta bushe sai ta ja kwalin ya gantsare. A rufe fuskokin biyu a zama ɗaya, waje da atamfa ciki da takarda, a danne da abu mai nauyi ya kwana. Gam ɗin gida, kofi 1 na fulawa a kofi 5 na ruwa a dafa har ya yi kaurin koko, yana da kyau ga aikin yara na makaranta. Ga kayan kyauta ban ba da shawararsa ba. A Yuli da Agusta ba ya bushewa da wuri, sai ya yi fumfuna, kuma ko ya bushe kyankyasai da ɓeraye suna binsa har cikin akwatin amarya. Top Bond kashi 2 da ruwa kashi 1 ya fi. Da hunturu kuma matsalar ta juya, iska tana busar da gam kafin ki gama shimfiɗa ƙyallen, don haka a shafa tafin hannu-tafin hannu, a kuma busar a inuwa.

Takardar kalanda da mujalla ana naɗe ta a yi duwatsun wuya: a yanka mai kusurwa uku, gindi santimita 2, tsawo 25 zuwa 30, a naɗe a kan tsinke daga gindin, a kama ƙarshen da gam, a shafa banish sau biyu. Amma ki karanta takardar kafin almakashi ya taɓa ta. Kalandu da yawa a nan suna ɗauke da ayoyi da sunan Allah, na Musulmi da na Kirista, kuma irin waɗannan ba na yanka su.

Ledar fiya wata ita ce ta fi yawa a titi kuma ita ta fi wahalar tsaftacewa. Jaka ɗaya guda 20 ce, gida mai yawan jama'a zai tara miki abin aiki cikin mako. Na gida nake karɓa, ba na tsintar na kwata. A yanke bakin da aka ciza, a farke ta buɗe, a wanke a ranar, domin ɗan ruwan da ya kwana a ciki shi ke kawo wari. A shanya a inuwa har ba ɗigo ko ɗaya, ruwan da ya rage yana zama kumfa in an goge. Ana jera 4 a kan juna, rubutun yana kallon ciki, a sa farar takarda a sama da ƙasa. Jarida ba ta yi, tawadarta tana komawa jikin ledar. Dutsen guga a sa shi a wuta kaɗan, inda ake goge nailan, a riƙa yawo da shi daƙiƙa 10 zuwa 15, a juya a yi ɗaya gefen, a danne da katako har ta huce. In ta huje wuta ta yi yawa, in tana rabuwa wuta ta yi kaɗan. Tana ƙanƙancewa, saboda haka sai bayan guga ake awo. Don a sami babban shimfiɗi a ɗora bakin wannan a kan wancan da santimita 2 a sake gogewa. A tsakar gida ake wannan aiki, ba a ɗaki a rufe ba, kuma guntayen da suka rage ba a ƙona su. A keken ɗinki a sa allura lamba 16 da zaren roba, a buɗe ɗinkin ya yi tsawo kamar milimita 4. Ƙaramin ɗinki jerin huda ne kawai, ledar za ta yage a kansa. A naɗe baki da atamfa. Tana yin jakar soso da sabulu ta 'yan makarantar kwana, da shafin cikin jakar littattafai don kada ruwan sama ya jiƙa su.

Kayan suna kuma ina taka-tsantsan da su. Mai jego ana iya kai mata akwatin ajiye man shafawa da hoda, ko jakar kayan wanka. Abin da jariri zai riƙe ko ya kai baki ba na yin sa da tarkace ko kaɗan, kuma duk abin da zai shiga ɗakin da ke da mai rarrafe ba na manna masa duwatsu ko maɓalli.

Wajen sa kuɗi, mata da yawa suna cewa ai kayan kyauta aka samu, sai su sayar da arha har su gaji su bari. Ki lissafa gam, zare, omo, Hypo, fenti, kuɗin keke zuwa Katako da dawowa, sannan ki sa wa zamanki kuɗi, don abin goge ƙafa guda ɗaya yana cin yini biyu in da aikin gida a tsakani. Kuma ki faɗi gaskiyar abin da kika yi aikin da shi, kada mai saye ya gano da kansa. Ni nakan haɗa da ƙaramar takarda ta yadda za a kula da shi. Na abin goge ƙafa ina rubuta cewa a kakkaɓe shi kullum, a wanke da hannu a ruwan sanyi ba tare da buroshi ba, kada a matse shi, a rataya a igiya gashin yana kallon rana, kuma da damina a juya shi sau ɗaya don bayan ma ya bushe.